Godiya ga shagon hoton da ya tayar da kyamarar mahaifinmu a Garwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baba Alhaji mai shagon hoto da gyaran kyamara na kusa da babbar kasuwar Garwa, tare da yaransa na shago. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na rubuto wannan takarda a madadin kaina da ƙannena da mahaifiyarmu. Na zaɓi in yi godiyar a bainar jama'a ne saboda abin da kuka yi mana ya fi ƙarfin "na gode" ta bakin ƙofa. Na san ba ku son a kama sunanku, shi ya sa na bar shi, amma duk wanda ya taɓa zuwa hoton katin shaida a layin nan ya san wanda nake nufi.

Kyamarar da na kawo muku Yashica Mat-124G ce, mai ido biyu (na sama na dubawa, na ƙasa na ɗaukar hoto), ƙirar Japan, irin wadda aka yi ta ƙerawa daga 1970 zuwa 1986. Da ita mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya ciyar da mu: hoton suna, hoton biki, hoton alhazai ranar dawowa, da na hawan sallah a ƙofar fadar Lamiɗo. Bayan rasuwarsa ta zauna a akwatin ƙarfe ita da tarin negatif ɗinsa, wato wankakken fim ɗin da ake fitar da hoto daga jikinsa, babu mai taɓawa. Ni kuwa kuɗinta na zo tambaya, ba gyara ba.

A nan ne na ga hali. Da kun ce mini tsohon ƙarfe ne ku miƙo mini na goro, da na karɓa ina murna. Sai kuka zaunar da ni a benci kuka gaya mini gaskiya: irin waɗannan kyamarori yanzu nemansu ake yi a Turai da Amurka, matasa sun koma ɗaukar hoto da fim, kuma akwai dillalai masu bin gidajen tsofaffin masu hoto suna kwashe su a banza. Kuka ce in sayarwar ce za ku nuna mini yadda ba za a cuce ni ba, in kuma zan riƙe ta, za ku tayar da ita. Cinikinku kuka bari ya wuce, kuna ji kuna gani.

Gyaran ma ba ku yi shi a ɓoye ba. Kuka danna maɓallin ɗauka a kan daƙiƙa ɗaya, kuka kara mini kyamarar a kunne, na ji 'yar ƙofar hasken tana jan ƙafa kafin ta rufe. Tsohon mai ne ya haɗu da ƙurar hunturu ya daskare a ciki. Soson da ke hana haske shiga ta murfin baya ya zama gari. Madubin ciki kuwa kuka hana yaronku goge shi da tsumma, domin azurfarsa a fuskar gilashin take, shafa ɗaya ta isa ta kwashe ta. Kuka haska tocila cikin ido na ƙasa kuna neman funfunar nan da damina ke shukawa a gilashi, Allah ya taimaka babu. Batirin ma'aunin haskenta, na merkuri mai bolt 1.35, an daina yin sa, amma kuka ce kada wannan ya dame ni, kyamarar ba ta jiran batir kafin ta yi aiki. Kuka koya mini ƙa'idar da masu hoto suka gada: idan rana ta buɗe sosai, a saita buɗewar idon kyamarar a kan 16, saurin ɗauka kuma ya yi kusa da lambar saurin fim ɗin, wato ISO. A Garwa dai rana ba ta yi mana rowa.

Na ƙaru da tarihi a bencin nan fiye da yadda na zata. Ashe fim ɗin da take ci, mai lamba 120, kamfanin Kodak ya fito da shi tun 1901, kuma har gobe ana yin sa, Kodak na yi, Ilford ta Ingila na yi. Faɗinsa kusan santimita 6, a naɗe da takarda ta baya. Yashica tana cire hoto 12 kacal a naɗi guda, kowanne murabba'i. Uwar gidan wannan ƙira ita ce Rolleiflex ta birnin Braunschweig a Jamus, wadda ta fito a 1929, kuma da irinta mai hoto Malick Sidibé na Bamako ya yi aikin da ya kai shi ga babbar kyautar baje kolin fasaha na birnin Benis a Italiya a 2007. Wanda aljihunsa bai kai Rolleiflex ba sai ya nemi Yashica, wanda bai kai nan ba ya ɗauki Lubitel ta Rasha ko Seagull ta Sin. Har kuka sauko mini da Mamiya RB67 ɗinku daga saman kanta, mai hoto 10 a naɗi, nauyinta ya haura kilo biyu. Na ɗaga ta na gane dalilin da ya sa ba ta barin kan ƙafafunta uku. Hasselblad ta Suwidin, wadda 'yan sama jannatin Amurka suka je da ita duniyar wata a 1969, kuka ce wannan ta masu hannu da shuni ce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayaninku kan yadda ake riƙe ta. Ba a kai ta fuska. A ƙirji ko a ciki take zama, mai hoto ya sunkuyar da kai yana duban gilashin sama, inda dama ke komawa hagu, har sabon shiga ya ga doki ya nufi gabas shi ya juya yamma. Wannan sunkuyon ne ya sa dattawa da matan aure ba sa sandarewa a gabanta, tunda babu mai zuba musu ido. Sai a lokacin na fahimci abin da ya sa mutanen da ke hotunan mahaifinmu suke a sake, kamar ba hoto ake yi musu ba. Ga kuma hoto 12 ɗin nan: wanda ya san iyakarsa ke nan ba zai danna ba sai ya gyara wa mutum zaman hula.

Batun negatif ɗin kuwa, mahaifiyarmu ce ta ce lallai in faɗa. Wasu sun manne da juna, yaronku ya jiƙa su ya raba su ɗaya bayan ɗaya da haƙurin da ni ba ni da shi. Da yake kowanne ya ninka na ƙaramin fim mai milimita 35 sau uku da rabi a girma, da kuka faɗaɗa hoton kakanmu sai ga aikin aska takwas na babbar rigarsa ya fito zare zare, har da wurin da aka yi wa aljihun ɗinki. Hoton Inna na amarci ya nuna lallen hannunta da tsagen gefen fuskarta. Ta daɗe tana duba shi, daga baya ta soma kiran sunayen ƙawayenta da ke tsaye a baya, mu kuma muna rubutawa.

Fim ɗin gwaji da na ɗauka, mai baƙi da fari, a tsakiyar bazara kuka wanke shi, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, alhali maganin wankin digiri 20 yake so. Da asuba kuka yi aikin, da ƙanƙara a roba da ma'aunin zafi a hannu, ga wutar lantarki tana zuwa tana tafiya. Kuɗin da kuka karɓa ko ladan tashin asubar bai kai ba. Ƙorafina ɗaya ne: fim ɗin 120 ba ya zama a shago, sai an yi saƙo an jira, don haka mai son ɗaukar hawan sallah ya yi magana tun azumi bai raba tsakiya ba.

Ga 'yan uwa na Marwa, Ngaundere, Kusiri da Njamena, idan akwai irin wannan kyamara ko negatif a akwatin gidanku, kada ku tilasta hannun juyawa in ya cije, kada kuma ku ɗiga mata man keke. Ku kawo ta yadda take.

Baba Alhaji, Allah ya ƙara wa idanunku haske, ya sa albarka a sana'a, ya raya yaran da kuke koya wa. Inna tana gaishe ku, ta ce a gaida mutanen gida.

Wassalam.

Ɗanku, babban ɗan marigayi mai hoto,
daga Garwa, Kamaru.