Rahoton ayyukan bana ga mambobin ƙungiyarmu a Kumasi

Assalamu alaikum iyayenmu, malamanmu da 'yan'uwa mambobi, magina, masu zanen gini, kafintocin rufi da masu aikin iyakwandishan.

Bana aiki ɗaya ne ya ci mafi yawan lokacin kwamiti, wato ajin koyon lissafin wutar da gini zai sha a kwamfuta, don haka shi zai ci mafi yawan wannan rahoto. Sauran ayyukan sun tafi yadda aka saba: an yi zaman wata-wata, an yaye yaran da suka gama koyon sana'a a Aboabo da Asawase, an kuma kai gudummawa gidajen mambobin da aka yi wa rasuwa. Allah Ya jiƙansu.

Kun san tun 2018 Gana take da kundin dokokin gini na ƙasa, GS 1207, wanda hukumar ingancin kaya ta fitar, kuma a cikinsa akwai sashe kan tattalin wuta. Manyan masu ba da kwangila kuma sun fara neman shaidar EDGE, wadda ba a samunta sai gini ya rage shan wuta da ruwa da kashi 20 cikin 100 idan aka gwada shi da gini na yau da kullum. Ba a tabbatar da wannan da baki. Kwamfuta ake ba wa fasalin ginin da yanayin garin, ta lissafa wutar da zai sha a shekara. Wanda bai iya wannan lissafi ba, aikin zai wuce shi yana kallo, shi ya sa muka buɗe ajin koyon manhajar EnergyPlus, wadda ma'aikatar makamashi ta Amurka ke bayarwa kyauta. Wasu matasanmu da suka yi karatu a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi, su ne suka koyar, ba su karɓi ko sisi ba.

Abin da ajin ya fi daɗewa a kai shi ne sanyaya ɗaki da sinadari mai narkewa da daskarewa. Kamar man kaɗe yake: da rana ya narke, da dare ya daskare. Ana cusa kakin farafin ko wani irin gishiri mai ruwa a cikin allunan silin ko akwatin da iska ke bi. Yayin da yake narkewa yana shanye zafin ɗaki ba tare da shi kansa ya ƙara zafi sosai ba. Kilo ɗaya na farafin kan shanye kusan kilojul 200 na zafi. Da dare fanka ta jawo iskar waje ta bi ta kansa, ya daskare, gobe ya sake aiki. A Ingila ana sa irin wannan a makarantu da ofisoshi, kuma fanka ba ta shan wutar da kwamfireson iyakwandishan ke sha. Wasu daga cikinmu har sun fara lissafin riba.

Sai muka sa yanayin Kumasi a kwamfuta, murna ta ragu. Yawancin irin da ake sayarwa don gine-gine suna narkewa tsakanin digiri 21 da 26. Darenmu kuwa a yawancin watanni yana tsayawa wajen digiri 22, na Accra ma ya fi haka ɗumi. Idan iskar dare ba ta yi ƙasa da ma'aunin daskarewa sosai ba, kakin zai kwana a narke, gari ya waye ba shi da wurin ɗaukar zafi. A lissafinmu, lokacin hunturu ne kawai ya yi aiki yadda ake so. A Maris, lokacin da ake neman sanyi ido rufe, kusan zaman banza ya yi. Ga kuma laima: kakin ba ya cire danshi daga iska, alhali danshin ne ke sa gumi ya ƙi bushewa da damina.

Gargaɗi ga masu lissafi: idan ba a sauya EnergyPlus zuwa tsarin da ke bin zafi cikin bango daki-daki ba, za ta yi kamar babu kakin a ginin sam. A kuma tuna ma'aunin narkewa da na daskarewa ba daidai suke ba, dole a shigar da kowanne. Kada kowa ya kwafi sakamakon da ke takardar tallan Turai ya miƙa wa mai gini.

Abin da ya fi rage zafi a duk gwajin ba sabo ba ne: silin mai kariyar zafi a ƙarƙashin kwano, rufi mai haske, baranda mai inuwa a gefen yamma, da tagogin da ke fuskantar juna. Matsayar kwamiti ita ce mamba ya fara da waɗannan, kuma idan za a sa iyakwandishan a duba taurarin da ke kan lambar Hukumar Makamashi ta Gana, masu nuna tattalin wutarsa. Ba mu ba da shawarar sayen kakin ba tukuna.

Baɗi, in Allah Ya kai mu, za mu sa ma'aunan zafi da laima a ajin wata makarantar Islamiyya har shekara ta zagayo, mu gwada da abin da kwamfuta ta faɗa, sannan mu jarraba irin da ke narkewa a digiri mafi sama. Kuɗin ma'aunan daga asusu zai fito, saboda haka masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji kafin zama na gaba, ranar Juma'ar farko ta wata bayan La'asar.

Wassalam,
Sakatare, a madadin kwamiti