Ganin Likita Daga Nesa: Dokar Hukuma Ce Ke Buɗe Hanya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarku in yi tsokaci kan ganin likita daga nesa, ta waya ko ta intanet, domin na lura duk sa'ad da aka tashi maganar, hankali yakan koma kan na'urori da ƙarfin intanet, alhali abin da ya fi tantance karɓuwar wannan tsari shi ne abin da hukumomin lafiya suka rubuta a dokokinsu.

Abin da ya faru a 2020 ya isa hujja. Kafin annobar korona, shirin Medicare na Amurka, mai ɗaukar nauyin jinyar tsofaffi, galibi ba ya biyan kuɗin irin wannan ganawa sai ga majinyacin da ke karkara, kuma shi ma sai ya bar gida ya je wata cibiyar lafiya da aka amince da ita, a haɗa shi da likita daga can. A watan Maris na shekarar aka sassauta sharuɗɗan, aka yarda mutum ya yi magana da likita daga ɗakinsa, aka kuma biya likitan kamar yadda za a biya shi in an je wurinsa. Cikin 'yan makonni yawan ganawar ya ninka ninkin ba ninki, da wayoyin da suka daɗe a aljihun mutane. A watan ne kuma Indiya ta fitar da ƙa'idojin da suka fayyace wa likitoci yadda za su duba majinyaci daga nesa da irin magungunan da za su iya rubutawa. Faransa ta riga su, don tun Satumba 2018 inshorar lafiya ta gwamnati take biyan kuɗin ganawa ta bidiyo.

Maganar biya ce ta fi damuna. Likitan da ya san ba za a biya shi ba, ko za a biya shi rabi, zai ce wa majinyaci ya zo da ƙafarsa, kuma ba zan ga laifinsa ba. Sannan idan doka ta ce ganawa ta bidiyo kaɗai ake lissafawa, to an ware tsoho da talaka da wanda ke nesa da gari, wato ainihin mutanen da tafiya asibiti ta fi wahalar da su, domin mafi yawansu kiran murya ne kawai ke hannunsu. Mai hawan jini ko ciwon suga da ke neman a duba yadda magani ke masa aiki, sau da yawa kiran murya zai wadatar da shi, ya kamata kuma dokar biya ta amince da hakan a fili.

Akwai kuma batun lasisi da ɗaukar alhaki. A Amurka jihohi ne ke ba da lasisi, saboda haka likita kan rasa ikon duba majinyacin da ke wata jiha. Inda kuwa doka ta yi shiru kan wanda zai amsa tambaya idan aka yi kuskure, ko kan yadda za a tsare sirrin majinyaci, likitocin kirki sukan janye jiki, 'yan damfara su cike gurbin.

Ba ina cewa waya za ta maye gurbin asibiti ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarinta na 2019, ta ɗauki tsarin a matsayin ƙari kan ganawa ido da ido, kuma akwai ciwon da sai an taɓa jiki ake gane shi.

Kirana ga masu tsara manufofin lafiya shi ne su daina barin lamarin a kan izini na wucin gadi, domin babu asibitin da zai kashe kuɗi wajen horar da ma'aikata a kan izinin da za a iya janyewa baɗi. Brazil ta fara da dokar gaggawa a 2020, ta kafa ta dindindin a Disamba 2022, kuma wannan hanyar nake fatan sauran ƙasashe su bi.

Wassalam,
Daga mai karanta jaridarku a kullum.