A riƙa jin ta bakin masu karɓar ɗaliban SIWES

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana a madadin masu ƙananan masana'antu da gareji da ke karɓar ɗalibai koyon aiki. Tun 1973 hukumar ITF, mai kula da horar da ma'aikatan masana'antu, ta ɓullo da shirin SIWES na tura ɗaliban manyan makarantu koyon aiki, domin ɗan makaranta ya taɓa ƙarfe da hannunsa kafin ya karɓi takarda. Niyyar mai kyau ce, shi ya sa ba ma mayar da yaro idan ya zo da wasiƙa.

Ina da wurin gyaran injinan ban ruwa da janareto a Birnin Kebbi. Matsalata ta farko lokaci ne. Aikinmu na rani ne, sa'ad da manoman shinkafa na fadama ke layi da injinansu, kowa na cewa ruwa ya yanke masa. Babu wanda ke tambayarmu yaushe ya dace a turo yara. Sai su zo a tare da damina, aiki ya ja baya, su wuni a kan benci suna latsa waya. Idan kuma aka dace suka zo da rani, babban yarona da ya kamata ya gama inji uku sai ya gama ɗaya, saboda yana nuna wa ɗalibi yadda ake kwance kafireto. Kusoshin da aka lalata da fistin da aka ɗaura a karkace, daga aljihuna ake biya. Kuɗin abinci da na kabu-kabu ma haka, ai ba za ka ci abinci ɗan mutane na kallo ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne littafin aiki, wanda ɗalibi ke rubuta aikin da ya yi a ciki. Wani ɗalibin sau ɗaya za ka ga fuskarsa, sai ƙarshen wata huɗu ya dawo da shafuka cike, wai "Baba, a taimaka a buga hatimi." Ka ƙi, a turo maka kawunsa. Malamin da ya kamata ya zo dubiya kuwa, wani lokaci ta waya yake yi.

Kuma idan injin niƙa ƙarfe ya yanki yaro, wa zai biya asibiti? Wasiƙar ba ta faɗa ba.

Ina roƙon makarantun Kebbi su zauna da ƙungiyoyin masu sana'a kafin su fitar da jadawali, su turo yara da takalmin aiki da safar hannu, su kuma rubuta lambar malamin da za mu kira ranar da ɗalibi ya daina zuwa.

Naka,
Wani makanike,
Birnin Kebbi