Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 Ga Membobin Ƙungiyarmu Ta Masu Sha'awar Tsofaffin Finafinai a Bauchi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baba Shugaba, iyayenmu dattawa, Uwar Ƙungiya da sauran iyaye mata, 'yan uwa membobi na cikin gari da masu tasowa daga Dass da Azare domin zama da mu, barkanmu da ganin ƙarshen wata shekarar.

Ga bayanin abin da muka gudanar daga Janairu zuwa Disamba, kamar yadda aka ɗora wa sakatare. Lissafin kuɗi ba ya cikin wannan takarda, Malam Ma'aji zai karanta nasa da bakinsa ranar babban taro, ya kuma baje rasit kowa ya gani.

Zamanmu na wata-wata ya ci gaba a ajin da aka ba mu aro a unguwar Jahun, Asabar ɗin ƙarshen wata, in ban da Maris da muka tsaya saboda azumi. Majigin da muka saya bara bai ba mu matsala ba. Abin da ya ci mana kuɗi man janareta ne, domin kusan duk daren da muka zauna sai an ɗauke wuta. Kwamiti ya kawo shawarar a sayi batir da inbata, tunda majigi da lasifika ba sa jan wuta da yawa. Wannan magana tana gaban babban taro.

Mun buɗe shekara da ziyarar hubbaren Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa a watan Janairu. Wasu matasanmu sun yi ta tambayar abin da ya haɗa masu kallon fim da kabarin Firayim Minista. To, shi ne ya rubuta littafin Shaihu Umar tun yana malamin makaranta a nan Bauchi, ya shigar da shi gasar ƙagaggun labarai ta 1933, wadda ta fito da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin fim, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Daga nan fim ɗin ya ɓace wa idon jama'a shekaru masu yawa, sai a 2016 aka gano zarensa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya. Wata cibiya a Balin ta ƙasar Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Ɗan Bauchi ya rubuta, da Hausa aka yi shi, amma a cikinmu dattawa biyu ne kaɗai suka taɓa ganinsa, su ma tun suna samari. Mun karanta littafin a zama guda, kowa da shafinsa, muka yanke cewa a shekara mai zuwa za mu rubuta wa hukumar a Jos mu nemi hanyar da za a nuna mana shi a nan garin marubucinsa.

Zaman Fabrairu na fim ɗin The Message ne, wanda Moustapha Akkad ya fitar a 1976 cikin harsuna biyu, Larabci da Ingilishi, kowanne da 'yan wasansa. Na Ingilishin muka kalla, inda Anthony Quinn ya fito a matsayin Sayyidina Hamza. Akasarin hirar ta tsaya ne kan dabarar darakta na ƙin nuna Manzon Allah (SAW) ko sanya wata murya a madadin tasa, sai kyamara ta tsaya ana yi mata magana. Wasu membobi ba su halarta ba saboda malamai sun saɓa kan halaccin fim ɗin, ƙungiya kuma ba ta ɗora musu tarar fashi ba. Haka za mu ci gaba da yi duk lokacin da irin wannan ta taso.

Iyaye mata sun daɗe suna kukan cewa zaman bayan isha'i ba nasu ba ne. Bana an share musu hawaye, aka ware zaman yamma, muka toshe tagogi da barguna don hoto ya fito. Su suka zaɓi Mother India na Mehboob Khan, na 1957, kuma a ganina babu zaman da ya kai wannan armashi a shekarar nan. Ba a kan waƙoƙi aka yi gardamar ba, a kan ƙarshen fim ɗin ne, inda Nargis, wadda ta fito a matsayin uwar, ta ɗaga bindiga ta harbe ɗanta da ya zama ɗan fashi ya zo zai sace 'yar mutane. Uwar Ƙungiya ta ce duk wadda ta san zafin naƙuda ta san wannan tatsuniya ce, uwa na iya tsine wa ɗa, tana iya kai shi gaban alƙali, amma yatsanta ba zai iya jan kunamar bindiga ba. Wata malamar makaranta a cikinmu ta ce, “Hajiya, ai ba ɗanta kaɗai ta haifa ba a fim ɗin, garin gaba ɗaya ke kiranta uwa, kuma ta riga ta yi alkawari.” Har aka kira magariba ba wadda ta sauka daga kan bakanta. Manoman da ke cikinmu kuwa mai ba da bashin nan da ruwa ne ya tsaya musu a rai, wanda ke zuwa masussuka ya kwashe kaso mafi tsoka. Ɗaya ya ce bai ga Indiya ba a wannan wuri, ƙauyensu ya gani lokacin kaka. An kuma yi dariya da aka gaya wa yara cewa Sunil Dutt, wanda ya fito a ɗan, shi ya auri Nargis a 1958, bayan ya cece ta daga gobara a wurin ɗaukar fim ɗin.

Daga wannan zama ne maganar makaɗa ta kunno kai, ta kuma bi mu har ƙarshen shekara. Ƙungiya ta rabu gida biyu. Dattawa suna bayan Naushad, wanda ya yi kiɗan Mother India da na Mughal-e-Azam na 1960, suna cewa shi ne ya ɗauko kiɗan gargajiyar ƙasarsu ya shigar da shi silima ba tare da ya zubar masa da mutunci ba. 'Yan shekara arba'in zuwa hamsin kuma R. D. Burman suka riƙe, wasunsu har da Bappi Lahiri na Disco Dancer, abin da ya sa wani dattijo ya ce a buɗe taga ya sha iska. Abin mamaki, da yawa cikin matasa ba su san cewa ba Dilip Kumar ne ke rera waƙar da bakinsa ke motsawa a kai ba. Sai da aka zaunar da su aka yi musu bayanin Mohammed Rafi, wanda ya rasu a 1980, da Lata Mangeshkar da ta rasu a 2022, waɗanda muryoyinsu suka ɗauki jarumai bila adadin. Alhali kuwa haka ake yi a finafinanmu na Hausa, mawaƙi na situdiyo, jarumi na gaban kyamara.

Domin a raba gardamar ko darakta ne ke riƙe fim ko mai kiɗa, a watan Yuni muka yi wani gwaji da fim ɗin kaboyi na Sergio Leone na 1966, The Good, the Bad and the Ugly. Mun ɗauko wurin da mutum uku suka yi cirko-cirko a tsakiyar maƙabarta, kowa hannunsa kusa da bindiga, muka kashe sauti. Kyamara na tashi daga idon wannan zuwa yatsun wancan, ta koma kan gumin ɗayan. Kafin a yi nisa an fara duba waya, wani ya ce a tura gaba. Sai muka mayar da shi da kiɗan Ennio Morricone. Ko tari ba a yi ba har aka yi harbin. Masu goyon bayan makaɗa suka ce magana ta ƙare. Ni dai ban yarda ta ƙare ba, domin wanda ya san zai bar mutane uku tsaye mintoci ba magana, ya bar wa kiɗa fili, shi ma gwani ne, kuma an san Leone kan sa a rubuta kiɗan tun kafin a fara ɗauka a wasu finafinansa. A lura kuma, wannan daji da muke ɗauka Amurka ce, a Sifen aka ɗauki galibinsa, darakta da mai kiɗan kuma duk mutanen Italiya ne.

Zamanmu mafi girma a shekarar shi ne na Agusta, cikar fim ɗin Sholay shekara 50, domin ranar 15 ga Agustan 1975 ya fito. Mun gayyaci baƙi, ajin ya cika har waje, ruwan sama ya sauko ana tsakiyar kallo sai da aka matso da benci. Wani dattijonmu, tsohon direban babbar mota, ya riƙa rigan Amjad Khan, wanda ya fito a matsayin ɗan fashin, faɗin kalamansa da Indiyanci, harafi bai kuskure ba, ga shi bai taɓa taka ƙasar ba. Har yau Sarkin Ƙarfi yake ce wa Dharmendra. Amma da aka tambaye shi wurin da ya fi so, ba faɗan jirgin ƙasa ya ambata ba. Ya ce wurin da Amitabh Bachchan ke zaune da dare yana busa ɗan abin busar nan na baki, bazawarar nan mai fararen kaya tana bi tana kashe fitilu a bene ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce wa wani uffan. Ya ce a zamaninsu nan ne gidan silima ke yin tsit, har masu sayar da rake su daina kira.

Bayan kallon ne matasa suka tayar da maganar wanki, wato kwaikwayon labarin fim ɗin wasu. Hujjarsu ita ce Sholay kansa ya ɗebo daga Seven Samurai na Akira Kurosawa na 1954 da finafinan kaboyi, shi ma Leone labarin Yojimbo na Kurosawa ya ɗauka ya yi fim ɗinsa na 1964 har aka kai shi ƙara. To me ya sa in 'yan Kannywood suka wanke fim ɗin Indiya sai a yi musu ca? Tambaya ce mai kyau, Baba Shugaba kuma ya amsa ta daidai gwargwado. Ya ce Ramesh Sippy, daraktan Sholay, ya ɗauki ƙashin labari ne kawai, amma ƙauyen, da ɗan fashin, da limamin nan makaho, da bazawarar da al'ada ta hana ta sake aure, duk na ƙasarsu ne. Wanda ya kwaso har da rawar cikin ruwan sama ya dire ta a Fagge, kayan aro ya yafa, ba kuwa za su rufe masa katara ba. Matasan ba su gamsu duka ba, an ɗage maganar zuwa baɗi, da sharaɗin kowane ɓangare ya kawo fim ɗin Hausa guda da zai kafa hujja da shi.

Mun kuma kalli City Lights na Charlie Chaplin tare da yara a hutun makaranta, da Sarraounia na Med Hondo na 1986, kan Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tari sojojin Faransa a 1899. An yaba shi, sai dai an yi gunagunin cewa a Burkina Faso aka ɗauke shi, kuma ba Hausa ce ke tashi a bakin akasarin 'yan wasan ba. Zaman Bruce Lee bai yiwu ba saboda rasuwar da aka yi wa mai ajiye mana majigi. Allah Ya jiƙan mahaifiyarsa.

Yanzu sai aikin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, kuma nake ganin mun yi masa riƙon sakainar kashi. Sharaɗin da muka gindaya wa masu gardamar wanki shi ya tona mana asiri, domin da aka tashi neman finafinan Hausa na farkon zamanin bidiyo, sai aka ga Mughal-e-Azam ya fi su sauƙin samu. Wancan an gyara shi, har kala aka sa masa a 2004. Namu kuwa, tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, a kaset suka fito, kaset kuma ba ya jure zafi da laima. Mutumin da zai lissafo maka mawaƙan Indiya goma a tsaye, in ka tambaye shi wanda ya yi kiɗan wani fim ɗin Hausa da ya kalla sau ba adadi, sai ya kama sosa ƙeya.

A watan Oktoba wani bawan Allah da ya taɓa riƙe shagon hayar kaset ya ba mu buhu biyu kyauta. Da muka zazzage, wasu fumfuna ta yi musu fari fat a jikin zare, wasu zaren ya manne ya ƙi juyawa. Wani mai gyaran rediyo a kasuwar Wunti ya tayar mana da tsohuwar na'urar bidiyo, ya nuna wa yaranmu yadda ake kwance kusoshin kaset, a goge zaren a hankali da auduga, a kuma share kan na'urar bayan kowane kaset don kada dattin wannan ya ɓata wancan. Aiki ne na haƙuri, kaset guda kan cinye yamma ɗaya. A ciki mun tsinci wasannin Samanja da na Karkuzu da wani ya naɗa daga talabijin. Ɗaya kuma muna cikin kallo, wasa ya ɗau zafi, sai ga taron suna ya faɗo, ashe mai kaset ɗin ya naɗi bikin gidansu a kai. Abin da muka iya cetowa mun juye shi a kwamfuta, an ajiye kwafi biyu a gidaje daban-daban. Kwamiti ya hana a sa ko ɗaya a intanet sai an sami izinin masu haƙƙi, duk wanda aka ba ajiya ya kiyaye.

Haka nan hirar da muka ce za mu naɗa da dattawa kan gidajen silima na da, yadda ake layin tikiti, da zaman 'yan benci da na 'yan kujera, da majigin gwamnati da ake kaiwa ƙauyuka, mutum uku kawai aka yi da su. Waya ce kawai ake buƙata da wanda zai zauna ya saurara. Ina roƙon babban taro ya naɗa mutum biyu takanas kan wannan aiki, mace da namiji, domin iyaye mata ma suna da nasu labarin na kallon bidiyo a tsakar gida.

Masu bashin kuɗin wata su ga Malam Ma'aji kafin ranar taro, don tsarinmu bai ba mai bashi damar jefa ƙuri'a ba, bana kuma akwai zaɓen mataimakin shugaba da na jami'in walwala. Duk mai tsohon kaset a gida, ko na fim ko na wasan talabijin, ya zo da shi yadda yake, kada ya gwada wanke shi da ruwa. Za a fara taro ƙarfe huɗu da rabi, bayan sallar la'asar.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya