Kafin a kwaɓa kek ɗin da aka gani a waya

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi magana kan wata asara da ake tafkawa a gidaje. Yanzu a Katsina da wuya ka shiga gidan da babu mai kallon girki a waya, ko a YouTube ko a TikTok ko a zaurukan WhatsApp. Abin farin ciki ne, don yarinya tana zaune a ɗakinta a Ƙofar Marusa za ta koyi biredi da kek da samosa. Sai dai fulawa da sukari da ƙwai da bota sun yi tsadar da in kwaɓi ɗaya ya lalace, kuɗin cefane ne masu kauri suka tafi. Abin da ya fi ci mana rai kuma, in kek ya fito ƙasansa a ƙone cikinsa ɗanye, sai a ce yarinyar ba ta da hannu. Mu da muke koyar da wannan sana'a mun san inda matsalar take. Mai girkin ya rubuta shi ne da kofinsa da obin ɗinsa da sanyin garinsu, ita kuwa ta bi shi da gwangwaninta da kurfotinta a cikin zafin Katsina.

A fara da awo, don nan ne mafi yawan ɓarnar take. Kofin da ake faɗa a girkin Amurka ma'auni ne tsayayye, kimanin mililita 240. Gwangwanin madarar ruwa da muka saba awo da shi bai kai haka ba, wajen kashi biyu cikin uku ne na kofin. Kofin shayi kuma kowane gida da irin nasa. In aka auna komai da gwangwani, fulawa da sukari sun ragu, amma ƙwai uku suna nan ukunsu, bekin foda ma tana nan cokalinta, kwaɓin ya tashi daga yadda aka tsara shi. Ko da kofin na gaskiya ne, yadda aka cika shi yana canja lissafi. Fulawar da aka zuba da cokali a hankali aka shafe samanta da bayan wuƙa tana kai giram 120 zuwa 125. Wadda aka dumbuza kofin cikin buhu aka danna tana iya kai giram 150. A kofi uku an ƙara kusan giram 90 ba a sani ba, shi ya sa kek yake fitowa a bushe yana tsaya wa mutum a wuya. Kofin sukari giram 200 ne. Sandar bota ɗaya da suke faɗa giram 113 ce, wato rabin kofi, don haka wadda ta juye ledar bota mai giram 250 a madadinta ta ninka man har da ɗoriya.

Cokula ma haka. In an rubuta tsp, ƙaramin cokali ne mai mililita 5. In an rubuta tbsp, babba ne mai mililita 15, wato ƙanana uku. Harafi ɗaya ne ya raba su, amma gishiri ko bekin soda da aka zuba da babba a wurin ƙarami ya gama da kwaɓin. Kuma a shafe ake nufi, ba a tsiri ba.

Shawararmu ga duk mai son ta riƙa gashi akai-akai, ta sayi ƙaramin sikelin kicin mai batir. Da shi an huta da gardamar kofi. Ga ma'aunin da ba ya ba da kunya: bota giram 250, sukari giram 250, fulawa giram 250, manyan ƙwai 5, bekin foda ƙaramin cokali 2. A buga bota da sukari har su yi haske su yi sauƙi, a fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya ana bugawa tsakani, sannan a tankaɗe fulawa da bekin foda tare a juya su a hankali. Da zarar farin gari ya ɓace a tsaya. Ci gaba da bugu bayan an zuba fulawa yana tayar da danƙonta, kek ya yi tauri. Babban ƙwai in an cire ɓawo giram 50 ne. Na kajin gida da na zabi da ake samu da damina ba su kai ba, sai a sa uku a wurin biyu.

Bekin foda da bekin soda kala ɗaya ne a ido, aikinsu daban. Soda ta fi ƙarfi ninki uku zuwa huɗu, kuma ba ta tashi sai ta haɗu da abu mai tsami kamar nono ko ruwan lemon tsami. In aka zuba ta a kwaɓin da babu tsami, ko ta yi yawa, kek zai yi duhu ya riƙa ɗanɗanon sabulu. Bekin foda kuwa da tsaminta a jikinta, amma tana mutuwa in ta sha iska, musamman wadda aka ƙulla a leda ta daɗe a kan tebur a kasuwa. Don a gwada ta, a zuba rabin cokali cikin ruwan zafi. In ta yi kumfa nan take tana da rai, in ta kwanta shiru a zubar.

Kayan da ba a samu a nan yawancinsu suna da madadi a gida. Inda suka ce a sa madara mai tsami, kindirmo da aka ɗan sirka da ruwa ya wadatar, ko kofin madara ɗaya da babban cokalin ruwan lemon tsami a bar shi minti goma. Inda suka ce fulawa mai tashi da kanta, a haɗa kofin fulawa ɗaya da bekin foda ƙaramin cokali ɗaya da rabi da ɗan gishiri. Soyayyen man shanu kuwa, duk daɗin ƙamshinsa, ba ya zama a gurbin bota a kek ɗin da ake bugawa, don ba ya riƙe iska. Ya fi dacewa da gireba da irinsu.

Sai maganar wuta. Girkin Amurka da ma'aunin zafi na Farenhait (harafin F) yake zuwa, obin ɗin da ake sayarwa a nan kuma yawanci da Salshiyos (harafin C). In an ga 350 da harafin F a gefe, 180 ake nufi a namu. 325 kimanin 165 ne, 400 kuma 200. Wadda ta ga 350 ta murɗa obin har ƙarshe don nata bai wuce 250 ba, a cikin minti kaɗan za ta ji ƙauri. Ƙananan obin na lantarki ƙarfen wutarsu yana kusa da gwangwanin kek, saman kek yana yin ja kafin ciki ya nuna, sai a rage zafin kaɗan a rufe saman da takardar gashi in ya fara duhu. Kuma a yi lissafin ɗauke wuta tun kafin a haɗa kwaɓi, a tanadi gawayi a gefe, don kwaɓin da aka zuba wa bekin foda ba ya jira.

Gidaje da yawa ma da tukunya suke gashi, kuma tana yi sarai in an bi ƙa'ida. A ware babbar tukunya mai kauri don wannan aikin kaɗai, domin gindinta zai ci wuta. A zuba yashi mai tsabta busasshe ƙarau, kaurin yatsa biyu. In da laima a jikinsa, tururi zai taru a murfi ya ɗiga kan kek. A ɗora ƙananan duwatsu uku masu faɗi ko ƙarfen ɗora tukunya a kan yashin, yadda gwangwanin kek ba zai taɓa shi ba, don zafin yashi kai tsaye shi ke ƙona ƙasa. A rufe a bar ta ta yi zafi minti 10 zuwa 15. Ga yadda ake gane zafin ba tare da na'ura ba: a barbaɗa fulawa cokali ɗaya a murfin gwangwani a sa a ciki a rufe. In bayan minti 5 ta yi ruwan zuma, zafin ya yi daidai da kek. In ta yi baƙi-baƙi a rage wuta, in tana nan fara a ƙara jira. A kan kurfoti, garwashin ƙasa ya zama kaɗan, a ɗibi mafi yawansa a baza a kan murfi, kuma murfin ya zama na ƙarfe zalla, ba gilashi ba, ba mai hannun roba ba. Kwaɓi kada ya wuce kashi biyu cikin uku na gwangwani. Kada a buɗe a minti 25 zuwa 30 na farko komai ƙaiƙayin hannu, don iskar da za ta shiga ita ke sa tsakiya ta lotsa. Kwaɓin giram 250 ɗin nan a gwangwani mai faɗin inci 8 yana ɗaukar minti 50 zuwa awa ɗaya. A soka tsinken sakace a tsakiya, in ya fito babu ɗanyen kwaɓi a jikinsa an gama. Don Allah kuma, duk sanyin hunturu, kada a shiga ɗaki da garwashi a rufe ƙofa da taga. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa.

Yanayin garinmu shi ma yana cikin kwaɓin. In girki ya ce a bar bota ta yi laushi a waje, ɗakin da zafinsa bai wuce 21 ko 22 a ma'aunin Salshiyos ba suke nufi. A nan watan Afrilu da Mayu zafi yana haura 40, bota ta zama mai, narkakkiyar bota kuwa ba ta kama iska komai bugu. Da bazara a yi kwaɓi da sassafe, ko a ɗora kwanon cikin wani mai ruwan randa. Yis ma haka. In an ce a bar kwaɓin biredi ko fanke awa ɗaya, da bazara yana iya ninkawa a rabin lokacin, in aka bi agogo ya zarce, ya yi tsami, ya faɗa, fanken ya yi ta shan mai. A duba kwaɓin ne: in ya ninka girmansa, aka danna yatsa ramin ya ciko a hankali, ya isa. Da hunturu kuma tashin yana jinkiri, saman ya bushe ya yi ɓawo, fulawar kanta ta fi shan ruwa. A rufe da leda ko jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta, a ƙara ruwa cokali ɗaya ko biyu. Ruwan jiƙa yis ya zama mai ɗumi irin wanda za a yi wa jariri wanka da shi, don in ya kai 60 yis ya mutu. Fakitin yis ɗaya da suke faɗa giram 7 ne, ƙaramin cokali 2 da kwata.

Akwai abin da ya fi lalacewar kek muhimmanci. Wasu girke-girken suna ɗauke da giyar inabi ko giyar da ake kira ram, musamman kek mai busassun 'ya'yan itace, kuma maganar cewa wuta tana ƙone giyar gaba ɗaya ba gaskiya ba ce. Abin da suke rubutawa lard kitsen alade ne. Jelatin, wato sinadarin da ke daskarar da kayan zaƙi, da yawansa daga fatar alade ake samo shi, sai an ga tambarin halal. Ruwan banila irin na Amurka, dokarsu ta ce ya ƙunshi aƙalla kashi 35 cikin 100 na barasa, mai son kauce wa shubuha ta nemi hodar banila. Ta fuskar lafiya kuma, abin da aka yi da ɗanyen ƙwai ko kirim ko madara bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba, in zafi ya haura 32 awa 1 ne. Kek mai kirim da ake ajiyewa a wurin biki tun azahar har magariba haɗari ne ga yara. Haka kuma kada a sayi wata hodar "gyaran biredi" da ba ta da suna a jikinta. Hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta daɗe da haramta sinadarin buromet a biredi saboda illarsa.

Namu girke-girken da ake yaɗawa da Hausa su ma suna da nasu laifin. "Ki zuba fulawa daidai misali", "ki sa ruwan kanwa kaɗan", "ki bar shi ya tashi". Uwar da ke tsaye kusa da 'yarta tana iya faɗin haka, don idonta yana kan kwanon. A rubuce kuwa bai gaya wa amarya komai ba. Ungurnu da jar kanwa ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kuma in kanwa ta yi yawa masa tana yin ja ta yi bauri. Tiyar Katsina ba lallai ta zo ɗaya da kwanon Kano ba. Ga bidiyon minti ɗaya da aka yanke aka ƙara masa gudu, ba ya nuna cewa bugun alkaki ko murjin dubulan yana cin lokaci da ƙarfi.

Saboda haka muke roƙonka, ranka ya daɗe, shafin girki na jaridarka ya sa wa masu aiko da rubutu sharaɗi. Kowane girki ya zo da awo a giram da kwatankwacinsa a gwangwanin madara, a faɗi girman gwangwanin gashi, a faɗi zafi da harafin C, a faɗi yadda za a yi a tukunyar yashi ga wadda ba ta da obin, a kuma faɗi alamar nuna da ido zai gani. In da hali, a buga jadawalin canjin kofi da cokali da ma'aunin zafi a kusurwar shafin kafin hidimar cincin da kek ɗin sallah ta kankama, yadda za a iya yanke shi a manna a bangon kicin.

Allah ya ƙara wa jaridar ɗaukaka. Wassalam.

Daga wasu masu koyar da girki da gashi,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.