Fito da Bargon Nan Daga Akwati

'Yata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ke da maigidan naki da yaran. Ina fata tarin da ƙaramin yake yi ya lafa, kin samu kina runtsawa da dare. Mu nan lafiya lau, sai kewarku.

Saƙonki ya iso, na karanta shi har sau uku. Duk cikin labaran da kika ba ni, magana ɗaya ce ta tsaya mini a rai, wadda kika jefo a ƙarshe kamar ba komai ba. Kin ce kin naɗe bargon haɗe-haɗen da kika fara, kin haɗa shi da rigar sanyin da kike saƙawa, kin sa su a ƙasan akwati "sai ranar da na samu lokaci". Saboda wannan maganar na zauna rubuto miki, don na san akwatin nan, ni ma na taɓa sa nawa aikin a cikinsa.

Ranar da kike jira, wadda za ki wayi gari babu wanki, babu zuwa wurin aiki, babu yaro mai kuka, ki shimfiɗa ƙyallayenki tun safe har yamma, na jira ta shekara shida ba ta zo ba. Da na buɗe nawa akwatin, kina 'yar aji biyu a lokacin, sai na tarar na manta komai. Ban san layi na nawa na tsaya ba, ban san wane tsinke na yi amfani da shi ba, takardar da ke jikin ulun ta ɓace, asu kuma ya ci hannun rigar guda. Na zauna a bakin gado da ita a cinyata, hawaye ya zubo mini. Ba don ulun na yi kuka ba. Yaron da na saƙa wa ita ya riga ya girme ta nesa ba kusa ba.

Bari mu yi lissafi, ni da ke. Kin ce bargon gida 8 ne a faɗi, 10 a tsawo, wato gida 80, kowane gida ɗan murabba'i ne na ƙyallayen da aka haɗa. Kin gama 23, saura 57. In kina haɗa gida biyu kacal a mako, cikin mako 29 kin gama fuskar bargon, wata bakwai ke nan ba su cika ba. Gida biyu a mako kuwa bai wuce ki zauna minti 15 ko 20 a rana ba, in an riga an yanka ƙyallayen. Minti 20 kina da shi. Yana nan tsakanin lokacin da yara suka yi barci da lokacin da ke ma idonki zai fara lumshewa, yana nan a zaman jiran layi a asibiti. Abin da ke cinye shi shi ne neman almakashi, da warware zaren da ya cukurkuɗe, da tsayawa ana tunanin "ina ma na tsaya?" Kafin ki gano, an kira ki.

Don haka babban abin da nake so ki riƙe daga wasiƙar nan shi ne yadda ake ajiye aiki. Na daɗe ina ɗauka gwaninta a ɗinkin take, sai daga baya na gane rabin ta a wurin ajiyewa take. Kada ki tashi daga kan aiki sai kin shirya wa kanki zama na gaba. In ɗinkin hannu ne, zura sabon zare a allura, ki ƙulla shi, ki soke ta daidai inda za ki ci gaba. In na keke ne, haɗa ƙyallaye biyun da ke biye, fuska da fuska, ki maƙale su da fil, ki ɗora a kan keken. In saƙa ce, ƙarasa layin da kike kai, ki rubuta lambarsa a 'yar takarda, ki soke takardar a jikin aikin. Minti biyu ne wannan zai ci miki, amma gobe in kika zo a gajiye, hannunki zai fara aiki tun kafin zuciyarki ta kawo miki uzuri. In kuma yaro ya ƙwalla ihu kika jefar da saƙa a tsakiyar layi, kada ki rikice in kin dawo. Duba inda zaren ƙwallon ya fito, wannan tsinken shi ne na hannun dama. Da yawa sukan ɗauka a juye, su koma baya ba su sani ba, sai a ga rami a tsakiyar riga.

Wani abin kuma, ba kowane aiki ne ya dace da kowane lokaci ba. Awo da yanka da ƙirgen idon saƙa, wato madaukan zaren da ke kan tsinke, suna son kai a sake da haske mai kyau, ki bar su sai ranar hutu da safe. Ranar nan ki yanka na gida shida ko takwas gaba ɗaya, ki sa na kowane gida a ambulan ɗinsa, ki rubuta lamba. Sauran kwanakin mako sai ki zaro ambulan ɗaya kawai. Kada ki kuskura ki ɗauki almakashi da dare kina gyangyaɗi, don ɗinki in ya karkace ana farke shi, yanka kuwa in ya tafi ya tafi. Aikin dare shi ne miƙaƙƙen layin saƙa wanda hannu ya haddace, ko kalmasar gefe. Ki kuma samu 'yar jaka mai ɗauke da ƙaramin aiki, safa ko hula, ta riƙa binki duk inda za ki zauna jira. Yawancin safar da kuka sa kuna yara a zaman jira na saƙa su.

Na ga hoton gidajen da kika gama, launukan sun yi kyau ƙwarai, musamman shuɗin nan da kika haɗa da ruwan ƙasa. Amma na lura biyu daga ciki sun ɗan fi sauran girma, kuma gara in faɗa miki yanzu da sauran gyara. Masu wannan ɗinki suna barin kwatan inci tsakanin bakin ƙyalle da layin ɗinki, kimanin milimita 6, kuma dole ya zama ɗaya tun daga gida na farko har na ƙarshe. Za ki ga kamar milimita 2 ba komai ba ne. To, in layi ɗaya na bargon yana da mahaɗa 20, kowace ta kauce da milimita 2, kin tashi da bambancin santimita 4, kusurwoyi ba za su haɗu ba, bargon zai yi ta tattarewa. Wannan matsala ta fi samun aikin da ake yi a hankali cikin watanni, don ido yana mantawa. Maganinta mai sauƙi ne. Auna kwatan incin daga allurar keke, ki manna salatif a wurin, ki bar shi nan har ki gama bargon. Duk gidan da kika haɗa ki goge shi nan take, ki kwantar da bakin ɗinkin wajen ƙyallen da ya fi duhu don kada ya nuna ta fuska, sannan ki auna shi da gida na farko.

Haka saƙa take. Hannun da ya saƙa bayan rigar wata biyar da suka wuce ba lallai ne ya zama shi ne hannunki na yau ba. Mai gajiya ko ɓacin rai takan ja zare da ƙarfi, mai nutsuwa takan sake shi. Kafin ki koma kan rigar, saƙa ɗan gwaji da ya ɗan wuce santimita 10 kowane gefe, ki ƙirga idon da ke cikin santimita 10, ki gwada da abin da kika saƙa a da. In sun bambanta, canza kaurin tsinken. Idanun da suka daɗe a kan tsinke kuma sukan buɗe, su bar zane a jikin riga, don haka ki warware layi ɗaya ko biyu kafin ki ci gaba. Takardar da ke naɗe da ulu kada ki yar da ita. Akwai lambar launi a jiki, akwai kuma lambar rinin da aka yi shi a ciki. Launi ɗaya in ba rini ɗaya ba ne yakan ɗan bambanta, ba za ki gani a ɗaki ba sai an sa rigar an fita rana. In ulun ya ƙare miki kika sayo na wani rinin, ki riƙa yin layi biyu da tsohon, layi biyu da sabon, na ɗan tsawo, bambancin zai narke.

Kuskure kuwa za ki yi shi, kowa yana yi. Abin da ke sa mutane su jefa aiki a akwati sau da yawa shi ne sun gano kuskure can ƙasa, suna tsoron warwarewa. Ga dabarar da ta cire mini wannan tsoron: duk sanda kika kai wurin da kika tabbatar komai daidai ne, ɗauki allura da siririn zare mai wani launi, ki zura shi ta cikin duk idanun da ke kan tsinke, ki bar shi nan. In abu ya ɓaci a gaba, zare tsinken ki warware hankalinki kwance, zai tsaya cak a kan wannan zaren. Ni a ganina, kuskuren da zai canza girman riga ko ya sa ɗinki ya farke, a gyara shi yau ɗin nan. Wanda kuwa sai an kawo ido kusa za a gani, ki bar shi ki wuce.

Akwai wata mata a jihar Vermont ta Amurka, Jane Stickle, da ta gama wani bargo a shekarar 1863, ana tsakiyar yaƙin basasar ƙasarsu. Ƙananan gidaje 169 ne a tsakiyarsa, kowanne da irin zanensa, ga wasu masu kusurwa uku sun zagaye gefe. A kusurwa ɗaya ta sa sunanta da shekarar da adadin ƙyallayen da ta haɗa: 5,602. Bargon yana gidan tarihi na Bennington har yau. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙirgen nan. Matar da ta san adadin ƙyallayenta har ɗaya-ɗaya, ta san abin da kowanne ya ci mata. Ke ma ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta kwanan wata da gidan da kika gama. Akwai lokacin da za ki kai, wajen gida na 40 zuwa na 60, da ɗokin farawa ya wuce, ƙarshe kuma bai bayyana ba, kullum kina ɗinki amma kamar ba kya motsi. Nan ne littafin zai yi miki rana. Ki buɗe ki ga inda kike wata biyu baya. Sau ɗaya a wata kuma ki shimfiɗa duk gidajen a kan gado ki tsaya daga bakin ƙofa ki kalle su.

A daidai wannan lokacin ne kuma za ki ga wani sabon zane ko sabon ulu ya shiga ranki. Ban hana ki sha'awa ba, amma kada aikin da ke hannunki ya wuce biyu, babba a gida, ƙarami a jaka. Na uku ya jira. Sannu ba ta hana zuwa, in dai hanya ɗaya aka bi.

In kin gama fuskar bargon ki sanar da ni kafin ki ci gaba, don haɗa shi hawa uku, fuska da audugar tsakiya da ƙyallen baya, aiki ne da ya fi daɗi da hannu huɗu. Ana shimfiɗa su ne a miƙe, a fara kama su daga tsakiya ana yin waje, don kada su tattare. Ƙyallen bayan ki wanke shi tukuna in auduga ne, yakan ɗan shige a wankin farko, mai launi kuma yakan zuba. Zan zo mu yi tare in Allah ya kai mu.

Ki kula da hannunki. In wuyan hannu ko kafaɗa ta fara miki zafi, ajiye, ki miƙe, ki motsa yatsu, kada ki daure. Ki zauna inda haske yake. Tunda ƙaramin ya fara rarrafe, ki ƙirga fil da allura kafin ki fara da bayan kin gama, ki sa su a gwangwani mai murfi, can sama inda hannunsa ba ya kaiwa. Aikin kuma kada ya koma ƙasan akwati. Ki sa shi a tsohuwar rigar matashin kai mai tsabta, ba a leda ba, don leda tana riƙe danshi, ki ajiye kusa da kujerar da kike zama, inda rana ba ta dukansa don kada launi ya koɗe. In maigidan naki ya san minti 20 ɗin nan naki ne, na san zai riƙe miki yaran, ki dai faɗa masa a fili.

Na haɗo miki da wasu ƙyallaye a cikin saƙon nan. Mai ratsin fari daga tsohuwar rigar babanki ce, wadda kike kama gefenta kina koyon tafiya. Na wanke, na goge, na yanka su daidai da awon da kika faɗa mini, za su ishi gida biyu. Ki yi na 24 da su, ki turo mini hotonsa ranar da kika gama.

Babanki yana gaishe ku, ƙannenki ma haka. Ki shafa mini kan yaran, ki gaida maigidan naki da kyau. Allah ya yi miki albarka, ya ƙara wa hannunki lafiya.

Taki har kullum,
Ummanki