Zuwa ga Abba a Bauchi

Assalamu alaikum Abba, ya karatu ya sanyin Bauchi. Mu nan Gombe lafiya lau, sai dai ni kwana uku kenan barcina rabi da rabi tun da Sadiya ta nuna min hotonka a waya ba riga, damtse ya kumbura kamar an hura, ga kuma ɗan gidan Malam yana cewa wai inda kake zuwa ɗaga ƙarfe har allurar kumbura tsoka ake yi wa samari. Ban ce kayi ba, tambaya nake.

Ni ban hana ka ɗaga ƙarfe ba, ni da nayi dambe tun ba a haife ka ba. Amma shekara talatin ina kwata, nama da hannuna na san shi. Jan naman nan da muke yankawa shine tsoka, kuma likitan dabbobin dake duba mana shanu ya taɓa ce min a jikin ɗan Adam sun haura 600. Tsoka ja kawai ta iya bata turawa, shi yasa Allah ya yi su biyu biyu, ta gaban damtse ta naɗe hannu ta baya ta miƙar dashi. Farar agarar nan mai tauri da kake cirewa kana tsaki lokacin da nake sa ka aikin kilishi, ita ke ɗaure tsoka da ƙashi, to allura tsoka take kumburawa da gaggawa ta bar agara a baya, wata rana garin ɗaga nauyi sai ta tsinke.

Wannan duk mai sauƙi ne. Zuciya ce ke hana ni barci Abba. Ita ma fa tsoka ce, amma ba irin ta hannu ba da zaka ce na gaji ka ajiye, kusan bugu 100,000 take yi kullum kana barci tana aiki. Na tsaga zuciyar shanu ba adadi, ɗaki huɗu ne a ciki, bangon hagu yafi kauri don shi ke tura jini duk jiki. Allurar nan bata san damtse daban zuciya daban ba, bangon nan zai ƙara kauri ya sandare, jini ya hau, kai kana gaban madubi kana murna baka san me ke faruwa a ƙirjinka ba. Har haihuwa tana taɓawa. Kasan abinda muka gani akan Baffanka, ba sai na tuna maka ba, ni na wanke shi. Saboda me, don abokai su tafa maka? Shanun da na sayar na biya maka makaranta ba don ka kai wa mai sirinji bane, kuma in kace baƙauye ne ni na yarda.

Kayi haƙuri in na zafafa. Tsoka a hutu take ginuwa bayan wahala, barci take so da wake da ƙwai da nama, nama kuwa ɗan mahauci baya rasa shi. Innarka bata san komai ba ban faɗa mata ba. Gobe zan ba direba kilishi a tasha, in ya iso zai kira ka. Juma'a ka taho gida, in kuma akwai wata kwalba a jakarka ka taho min da ita mu kai wa likita ya gani, ba zan maka faɗa ba.

Babanka